'Yar Fari a Cikin Tafi-da-gidanka

Maigidana ma'aikacin ofishin safiyo ne, masu auna filaye, kuma Allah bai yi shi da iya wuce gwanjo ba. Ya taɓa kawo mana firji da ba ya sanyi, ya kawo kujerar ofis mai ƙafa uku, duk na yi shiru. Amma ranar da ya shigo layinmu a Unguwar Sarki yana janye da tafi-da-gidanka a bayan motarsa, yaran unguwa na binsa da ihu, sai da na zauna a bakin ƙofa na riƙe kai.

Ɗaki ne na ƙarfe a kan taya biyu, irin wanda ma'aikatansu ke kwana a ciki idan aiki ya kai su daji. Akwai siraran gadaje biyu, da tebur mai naɗewa, da ɗan kabad. Tagogin gefe tsatsa ta kama su, ba sa buɗuwa. Akwai wata kafar iska a rufi, amma da yake ruwa na shiga ta nan da damina, maigidan ya liƙe ta da kwalta yana ta yaba wa kansa. Saura ƙaramar taga ta gilashi a gaba, wadda ke kallon bayan mota, ita kuma dama ba a yi ta don buɗewa ba. Sakatar ƙofa ta lalace, sai ya sa mai walda ya yi masa wurin kwado daga waje, ya haɗa makullin da na mota a zobe ɗaya.

A lokacin 'ya'yanmu uku. Babbar mace ce mai shekara bakwai, sai ƙanwarta mai huɗu, sai namiji da nake goyo. Babbar ita ce ta mayar da ɗakin ƙarfen nan gidanta. Da ta dawo daga makaranta sai ta kwashi 'yan tsananta ta shige, tana share shi da ƙaramar tsintsiya, tana karɓar baƙi.

A nan sai na faɗi wani abu game da kaina. Goggona ce ta raine ni a ƙauye, mace mai tsananin riƙo da kunya. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, kuma a gaban surukai ko kallonsa ba ta yi. Da wannan na tashi, da shi na zo Kaduna. Na yi karatu, na kama aiki a sakatariya, ina tuƙa mota, amma sunan 'yata ta fari bai taɓa fita daga bakina ba. Ni nake mata wanka, ni nake mata kitso, in ta yi zazzaɓi ni ce ba na runtsawa. Kira kuwa sai dai "ke", in kuma zan ba da labarinta in ce "yarinyar nan". Abokan aikina suna yi mini dariya, suna cewa na zo da ƙauye a cikin jakar hannu. Ban damu ba, domin uwar mijina, wadda muke kira Hajiya, tana yabona a kan haka a gaban sauran matan 'ya'yanta. Takan ce, "Ku dubi wannan, 'yar boko ce amma ta san kunya." Ba zan ɓoye ba, yabon nan yana yi mini daɗi ƙwarai, har nakan ƙara ɗaure fuska idan yarinyar ta zo kusa da ni a gabanta.

Tafiyar ta taso ne saboda bikin ƙanin maigidan a garinsu, can gaba da Zariya. Maigidan ya ce gidan zai cika maƙil da baƙi, don haka mu da ɗakinmu za mu je, mu kwana a sarari kamar turawa. Na ce masa bazara ake ciki, ƙarfe kuma bai san tausayi ba. Ya ce da sassafe za mu fita, kafin rana ta ɗaga mun isa.

Ba mu fita da sassafe ba. Ƙugiyar da ke haɗa ɗakin da mota ta ƙi zama, sai da aka nemo mai walda daga gidansa. Daga nan muka nufi Rigasa ɗaukar Hajiya, inda take zaune a gidan babban ɗanta. Duk wanda ya san lungunan Rigasa ya san ba wurin shiga da wutsiya ba ne. Mun shiga dai, fita ta gagara. Maigidan bai iya ja da baya da abin ba, in ya murza sitiyari hagu ɗakin ya yi dama, in ya murza dama ya nufi katangar mutane. Sai da maza shida suka kwance shi suka juya shi da hannu. Kafin a gama, rana ta kusa tsakiya, rigar maigidan ta manne da bayansa, ni kuma na gaji da cije leɓe.

Sannan Hajiya ta fito da akwatunan lefe guda biyu. Aka ce a sa su a ɗakin baya, ta ce atafau, kayan amarya ba sa barin idonta. But ɗin mota ya riga ya cika. Haka aka ɗora su a kujerar baya, suka cinye wurin mutum guda da rabi. Ni da goyo da ƙaramar muka matsu a ragowar. Ana cikin tunanin inda za a cusa babbar, sai ta ja hannun ubanta.

"Abba, in shiga ɗakina?"

Ya yi dariya, ya dubi mahaifiyarsa. Hajiya ta ce, "Ku bar ta mana, ai ta fi mu morewa. Ga gado, ga fili. Shiga abinki, ƙawata."

Gabana ya faɗi nan take. Na san ɗakin nan. Na taɓa shiga da rana neman wani kwano da ta kai ciki, ban yi minti biyu ba na fito ina haki. Maganar tana bakina, guda ɗaya ce, gajeriya: kada a sa ta. Amma Hajiya na tsaye, matar wan maigidan na tsaye, maƙwabta sun leƙo. In buɗe baki in yi gardama da surukata a kan 'yar fari, a ƙofar gida, a gaban jama'a? Sai na dubi sama na ce, kamar da iska nake magana, "Rana fa ta yi."

"Shi ya sa nake cewa mu kama hanya," in ji Hajiya, ta buɗe gaban mota ta zauna.

Maigidan ya miƙa wa yarinyar gorar ruwa da ledar biskit. Ta haye tana tsalle. Ya ja ƙofa, ya datse kwado don kada ta buɗe a kan hanya. Ƙarar kwadon nan har yau ina jin ta. Da ya ga fuskata sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da mun wuce Kawo zan tsaya a gidan mai in duba ta. Minti nawa ne?"

A kan babban titin baifas abin ya yi sauƙi. Mota na gudu, iska na shigowa. Na yi kamar ina gyara wa goyo hula na waiga, na hango fuskarta a 'yar tagar gilashin, ta manna hanci, tana ɗaga mana hannu. Ƙanwarta ta juya ta durƙusa a kan kujera tana yi mata gwalo. Na ce a raina wataƙila ni ce mai yawan tsoro. Na fara lissafi: Mando, Kawo, gidan mai, shi ke nan.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne ranar kasuwar Kawo ce. Tun kafin mu hango gadar Kawo motoci suka fara jan ciki, daga nan suka tsaya cik. Wani mai keke mai ƙafa uku da ke dawowa ta hannun da ba nasa ba ya ce wai tirela ce ta mutu a gaba, ta tare hanya. Muna layin tsakiya. Hagu motar itace, dama bas, baya kuma wata tankar ruwa ta matso har ta kusa shafar ɗakin. Ko da maigidan ya iya ja da baya, babu inda zai ja.

Maigidan ya kashe na'urar sanyaya mota saboda allurar zafin inji ta fara hawa. Muka sauke gilasai huɗu, amma abin da ke shigowa hayaƙi ne da hucin kwalta. Goyo ya fara kuka. Hajiya ta ciro carbi. Maigidan kuwa idonsa na kan allurar nan kamar ita ce 'yarsa, yana buga sitiyari da yatsa, yana cewa, "In injin nan ya tafasa a nan mun shiga uku."

Na waiga. Tana nan a tagar, amma ta daina ɗaga hannu. Ta cire ɗankwali, gashin goshinta ya kwanta.

Sai na fara dabara, irin dabarar da mata irina suka ƙware a kai, wato faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba. Na ce, "Alhaji, dambun naman da ke ɗakin baya fa, zafin nan zai ɓata shi. Da an buɗe an duba."

"Dambu ba ya lalacewa," in ji shi, ko waigowa bai yi ba.

Wallahi da Hajiya ba ta wurin da na kai masa duka da jakata. Mutum ne da zai auna fili ya gaya maka inda iyakarsa take har da taƙi, amma matarsa ta shekara tara ta yi masa zance a rufe ya kasa ganewa. Na haɗiye. Motoci suka matsa tsawon mota ɗaya, suka sake tsayawa.

Na ce, "Yaron nan ya ɓata jikinsa, kuma kayan canjinsa suna baya."

Ƙarya nake yi. Hajiya ta miƙo hannu cikin jakarta ba tare da ta juyo ba, ta ba ni wani tsohon zane. "Yi amfani da wannan, kafin mu fita daga cikin masifar nan." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. 

Da na sake waigawa babu fuska. Tafin hannunta kawai na gani a jikin gilashin, daga ƙasa, kamar ta zauna ne ta miƙo shi. Na ƙura masa ido har wuyana ya ƙage. Bas ɗin da ke gefenmu ta saki baƙin hayaƙi, na rufe wa goyo fuska da mayafi, da na ɗago hannun ma ya tafi.

Na ce wa kaina ta kwanta ne. Gado biyu ne a ciki, yaro kuma in ya gaji da kallo barci yake yi. Na ce tana da ruwa. Na ce Hajiya ta haifi tara ta raini takwas, in da haɗari da ta fi ni sani. Duk na faɗa wa kaina waɗannan, ban yarda da ko ɗaya ba. Tsoro nake ji, tsoro mai sa yatsun ƙafa su yi sanyi a cikin wannan zafin. Kuma ina jin haushi. Haushin maigidan, haushin akwatunan lefe da suka zauna daram a wurin 'yata, haushin goggona da ke kabari. Wanda ya fi duka shi ne haushin kaina, mace mai aiki a ofis, mai sa hannu a takardun gwamnati, na kasa cewa a buɗe ƙofa.

Sai na jawo ƙaramar jikina, na sa baki a kunnenta. "Ki ce wa Abba, ina Yaya? Ki ce kina son ganin Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta miƙe tsakanin kujerun gaba, ta buɗe murya yadda duk wanda ke cikin bas ɗin gefe zai ji. "Abba, Umma ta ce in ce ina Yaya."

Carbin Hajiya ya tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai ina gyara zanen goyo da ba ya buƙatar gyara. Can na ji ƙwayoyin carbin sun ci gaba da tafiya. Maigidan ya ɗaga ido ya dubi madubi.

"Barci ta yi. Ku kwantar da hankalinku, ga gada can, saura kaɗan."

Gadar kuwa tana can inda take tun ɗazu. Masu talla suna ratsa motoci da yalo da rake da ruwan leda. Wani ɗan acaɓa ya zo wucewa ya ƙwanƙwasa jikin ɗakin da hannu don wasa, ya janye da sauri yana yarfe yatsu, ya ce da abokinsa, "Kai, wannan ai tanda ce." Ya yi dariya ya wuce. Ni kaɗai na ji shi, ko kuma ni kaɗai na nuna na ji.

Daga wani masallaci ta wajen Hayin Banki aka kira sallar azahar. Tun kafin rana ta kai tsaka aka rufe yarinyar. Na ƙirga a raina, na sake ƙirgawa, amsar ba ta canza ba.

Na fitar da hannu ta taga don in kira mai ruwan leda, gefen hannuna ya taɓa rufin motar. Na janye da ƙara. Fatar wurin ta yi ja nan take. Wannan mota ce mai taga huɗu a buɗe, ga mu manya a ciki muna fifita da kwali muna kukan zafi.

Ban yi shawara ba, ban kuma nemi izini ba. Na ɗaga goyo na tura shi ta tsakanin kujeru na dire shi a cinyar Hajiya, a kan carbinta, ban ce mata komai ba. Na buɗe ƙofa har ta bugi jikin bas, kwandasta ya zage ni, ban tsaya ba. Takalmina ɗaya ya zame a cikin mota, na taka kwalta da ƙafa tsirara. Na tsallake ƙugiyar, na kai ga ƙofar ɗakin, na kama kwadon, ya ƙone ni, na sake shi. Na dunƙule hannu na dinga dukan ƙarfen.

Shiru.

Sai na kira sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, da dukan ƙarfin da ke ƙirjina, a tsakiyar titin Kawo, gilashin Hajiya a sauke, taku huɗu tsakanina da surukata. Na kira, na sake kira, na sake. Sunan ya yi mini baƙo a baki, kamar na ari harshen wani. Mutanen cikin bas suka leƙo. Direban tankar ya diro. Daga cikin ɗakin ko motsi babu.

"Makulli!" na yi wa maigidan ihu. "Ka kawo makulli, akwai yarinya a ciki!"

Na ji maganar ta bazu cikin motoci, akwai yarinya a ciki, akwai yarinya a ciki. Dole ya kashe injin kafin ya zare makullin, tunda zobensu ɗaya. Ya iso a gigice, ya kasa saita ramin kwadon. Na fizge daga hannunsa na naɗe kwadon da mayafina na buɗe.

Zafin da ya fito ya buge ni a fuska har na ja baya taku ɗaya. Ba a kan gado take ba. Tana kwance a ƙasa, a bakin ƙofa, ta sa bakinta daidai 'yar kafar da ke ƙarƙashin ƙofar inda iska ke ɗan shigowa. Da na buɗe, kanta ya kusa faɗowa waje, na tare da gwiwa. Rigarta ta jiƙe sharkaf, ta yi amai a gefenta, gorar ruwan babu ko ɗigo. Idonta a buɗe rabi, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Na ɗauke ta, jikinta ya saki a hannuna kamar jiƙaƙƙen zane.

Abin da ya biyo baya a guntu-guntu nake tuna shi. Wata mai abinci a bakin titi ta ture bencinta ta ce in kwantar da ita a inuwar rumfa. Mata suka dinga fasa ruwan leda da haƙori suna zuba mata a kai da wuya da hammata. Wata tsohuwa tana fifita da faifai tana salati. Wani ya kawo lemo, mai abincin ta ture shi ta ce kada a ɗura mata, za ta shaƙe, a jiƙa mata leɓe kawai. Yarinyar ta yi wani ɗan nishi, ta motsa yatsu. Wani ɗan acaɓa ya ce akwai ƙaramin asibiti a cikin Hayin Banki, in hau. Na hau da ita a ƙirji, ƙafa ɗaya babu takalmi, ban ko waiga na ga abin da maigidan zai yi da motarsa da ɗakinsa ba.

A asibitin suka sa mata ƙarin ruwa, suka kunna fanka a kanta, suka shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tawul. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaye ni tsawon lokacin da ta yi a rufe. Da na faɗa, ta daina rubutu ta dube ni. Sai ta ci gaba da rubutunta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Likita ya zo ya duba ya ce mun yi sa'a, za ta tashi, amma a bar ta ta huta.

Bayan la'asar maigidan ya iso da Hajiya da yaran biyu. An taimaka masa an kwance ɗakin an tura shi gefen titi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, hularsa a hannu. Hajiya ta shigo da goyo a kafaɗa, ta tsaya a kan yarinyar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke wace irin uwa ce? Kin san ɗakin nan haka yake, kina ji kina gani kika yi shiru tun daga Rigasa?"

Na ji jini ya hau mini ka. Shekara tara ban taɓa ɗaga ido na dubi matar nan cikin ido ba, ranar na duba.

"Hajiya, kunyarki na ji."

"Kunyata?" Ta dafa ƙirji. "A kan rai? Ni tun daga Mando hankalina bai kwanta ba. Na yi ta satar kallonki a madubi, na ga kin zauna shiru, na ce to uwarta ta san ɗakin, da akwai matsala da ta faɗa. Da 'yar nan ta yi magana na ce yanzu za ki ce a tsaya, sai na ga kin sunkuyar da kai."

"Ke nake jira ki ce, Hajiya. Ke kika ce a sa ta."

Hajiya ta ja da baya. Ta zauna a bakin ɗaya gadon, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ban je na rarrashe ta ba. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, kuma a lokacin ban ji tausayinta ba, ban ji tausayin kowa ba. Manya uku a mota ɗaya, kowa na jiran wani ya yi magana.

Can yarinyar ta buɗe ido sosai. Ta dubi fanka, ta dubi robar da ke hannunta, ta dube ni. Na ba ta ruwa a cokali, ta sha uku. Na matso da kujera har gwiwata ta taɓa gadon, na kama ɗaya hannun.

"Me ya sa ba ki buga ƙofa ba?"

"Na buga," in ji ta, muryarta a dishe. "Na buga da yawa. Motoci suna ta ƙara."

Na matse hannunta. "Da na zo ina kira fa? Ba ki ji ba?"

Ta yi ɗan tunani. "Na ji wata mata tana ta kiran sunana. Ban san ta ba. Ni ke nake jira ki zo."

Hajiya ta sauke mayafi daga fuskarta. Maigidan ya juya ya fuskanci bango. 

"Ni ce," na ce mata. "Ni ce nake kira."

Ta ƙura mini ido, irin kallon da take yi idan tana zaton ana yi mata wayo. "Ke ai ba kya faɗa."

"Na faɗa yau."

"To sake faɗa in ji."

Kakarta na zaune taku biyu daga inda nake. Na sunkuya na faɗi sunan, a hankali wannan karon. Ta rufe ido tana saurare, ta ce in ƙara, na ƙara. Sai ta gyara kwanciya, ta riƙe yatsana.

"To," ta ce. "Yanzu in kin kira zan gane."